Gurguzun Inna da Rabon Fara

Shekarar da aka yi wa Inna aikin ido ce na fara sa hannuna cikin ƙasar garka. Inna uwar maigidana ce, mutuniyar Mirriya ta ƙasar Damagaram. Ta zo mana Tamanrasset da bazara, cutar yana ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya soma bin sahu. Muna haya a unguwar Tahaggart, tsakar gidanmu siminti ne tun daga ƙofar zaure har gindin bango, ko tsinke ba ya tsirowa. Maigidana ɗan farinta ne, don haka ba ta kama sunansa. Mai shago take ce masa, saboda yana saida atamfa da turare a kasuwa, in kuma ya ɓata mata rai ya koma wancan.

Da nake jera mata kayanta na ga wani ƙullin tsumma a kusurwar akwati, an ɗaure shi da zare har ya yi baƙi don riƙo. Na ɗauka magani ne, na mayar ban taɓa ba. Sai bayan an kwance mata bandeji, tana zaune a inuwa da baƙin madubin da likita ya ce ta riƙa sawa, ta sa na ɗauko shi ta kwance a cinyarta. Gurguzu ne, 'ya'yan yakuwa, bai cika tafin hannu ba.

Ta ce mini wannan ba irin yakuwar kasuwa ba ce. Fara ce, ganyenta faffaɗa, tsaminta ba ya kama haƙori, kuma tun tana yarinya ita mahaifiyarta ke shukawa a bakin rijiyar garkarsu. Garkar an raba ta gado, wanda ya samu gefen rijiyar ya maida shi albasa gaba ɗaya, 'yar wadda Inna take shukawa a bayan ɗakinta kuma awaki suka faɗa mata shekara biyu a jere. Abin da ke cikin tsumman nan shi ne ya rage a duniya, gwargwadon saninta. Ya kuma tsufa. In bai shiga ƙasa bana ba, ba ta jin zai sake tsirowa.

Na dubi simintinmu, ita ma ta dube shi ta cikin madubi.

Maigidana ne ya samo mafita. Akwai wani dattijo mai sayen turaren wuta a shagonsa, mutumin Tazrouk, yana da garka a bakin kwari can bayan gari. Yana jin Hausa irin ta Agadas, ya ce da ƙuruciya ya koye ta a hanyar ayari. Da ya ji labarin tsohuwa da ƙullinta ya ce a kawo ta. Ya yanke mana kusurwa ta wajen shinge, fangali kaɗan, ruwan injinsa yana bi ta nan kafin ya kai ga tumatir da ciyawar awakinsa. Bai nemi komai ba, ya ce dai in yakuwa ta yi a ɗanɗana masa.

Inna ta shuka gurguzun duka, ba ta rage ko ƙwaya ba. Ta ce irin da ya tsufa ba a yi masa rowa. Da yatsa take huda ƙasa, ta yi bisimilla, ta saka, ta shafe da bayan hannu kamar mai lulluɓe jariri. Fangali ɗaya ya yi saura ta ce nawa ne. Ni kuwa salati na zuba, wato latas, don ina son shi ƙwarai, na kasuwa kuma kafin ya iso gida ya yi laushi. Ban taɓa shuka komai ba sai waken da aka sa mu tsirar cikin gwangwani muna kolej. Ranar da salatin ya ɓullo, kore shar kamar an zana shi, sai da na durƙusa na yi hamdala. Na riƙa lissafin ranar da zan yanka shi da tumatir da ƙuli in ajiye gaban maigida in ce daga hannuna.

Gurguzun bai fito duka ba, ko rabi bai kai ba. Amma wanda ya fito ya yi ƙarfi, ya kai mini ƙugu, ya soma fure mai ruwan madara.

A ƙarshen zafi aka yi ruwa bisa duwatsu, kwari ya kawo, yara suka fita kallo. Bayan ya wuce ciyawa ta rufe bakin kwarin, abin da mutum kan shekara bai gani ba a nan. Kowa ya yi murna. Inna kaɗai ta tsuguna ta tona ƙasar gindin shinge da tsinke ta ce mu shirya, muna da baƙi a hanya. Da ciyawar ta soma bushewa kuwa sai ga su. Ba farar ɗango ba ce mai rufe rana, wadda hukuma ke fitowa da motoci dominta. 'Yar gida ce, babe da ƙananan nan masu ruwan ƙasa, waɗanda in ka taka fangali sai su yi tsalle ta ko'ina kamar ana suyar gero. Kwarin ya bushe musu, garake kawai suka rage kore, su kuma ba su san shinge ba.

Cikin 'yan kwanaki ganyen yakuwar ya zama rariya. Abin da ya fi tada hankalin Inna shi ne sun soma cin furen da 'yan ƙananan kwanson da gurguzu ke kwanciya ciki. Ganye in an ci yakan sake toho. Kwanso in ya tafi, iri ya tafi.

Dattijo mai garka ya zo ya tsaya kanmu, ya gyara rawaninsa, ya yi magana a hankali yadda ya saba. Ya ce maƙwabtansa biyu sun riga sun yi feshi. Shi ma tumatirinsa ya soma nuna, ba zai zuba ido ba. In Juma'a ta zagayo abin bai lafa ba zai feshe garkar baki ɗaya, har kusurwarmu, don in ya bar ta nan farar za ta taru ta koma masa. Bai faɗa da faɗa ba. Gaskiyarsa ce, garkarsa ce kuma.

Da yamma maigidana ya shigo da kwalba cikin leda, mai hoton ƙwaro da jan rubutu na Larabci da Faransanci. Ya ajiye gaban Inna cikin ladabi, ya ce gobe zai samo mai famfon goyo a gama komai kafin hantsi, ita kuma ta huta, don likita ya hana ta ƙura. Ta sa na karanta mata abin da ke jikin kwalbar. Na karanta har inda aka ce a tsare yara da dabbobi, kada a ci abin da aka fesa sai an daɗe. Ta tura kwalbar gefe da bakin carbi.

"Ke 'yar nan, tambayi mai shago, farar da zai kashe ina za ta faɗi?"

Yana zaune gabanta, amma haka take yi in maganar ta yi nauyi, sai ta biyo ta kaina. Ya ce ƙasa mana, Inna.

"To wa ke tsintar fara a ƙasa garin nan? Larabawa ne? Mu ne. Matan unguwar nan da ka gani da buhu a bakin kwari, ɗiyan wa za su ci ta? Wadda ta sha magani ba ta mutuwa nan take, sai ta yi tsalle ta ƙetare shinge ta je ta kwanta, mai tsinta ta ce Allah ya kawo mai sauƙin kamu."

Ya ce to sai a gaya musu. Ta ce a gaya wa kaji ma? Ta ƙara da cewa ita ba za ta kai wa mahaifiyarta gurguzun da aka wanke da dafi ba. Mahaifiyar nan kuwa ta fi shekara talatin da rasuwa. Maigidana ya sunkuyar da kai. Na san abin da ke ransa, idon ne, wahalar da aka sha kafin a samu layin aiki, da sanyin asuba da ya soma shigowa. Daga baya ya ce in dai za ta sa madubin ta kuma rufe fuska, shi zai riƙa kai mu da mota bayan sallar asuba. Kwalbar aka ɗora can bisa bango inda yara ba sa kaiwa.

Abin da Inna ta fara nema shi ne bedi, itacen nan mai ɗaci da wasu ke kira dogon yaro. A gida yana kowace ƙofa, a nan kuwa sai ka zaga unguwa ba ka ga ɗaya ba. Ni na tuna da maƙwabciyarmu, wata 'yar Maraɗi mai suyar fara da awara a ƙofar gidanta. Ɗiyarta na da tsohon ciki, an aiko musu da buhun busasshen ganyen bedi daga gida saboda wankan jego. Muka shiga wurinta. Da ta ji abin da ya kawo mu ta tafa hannu ta ce wato jikanta bai iso ba fara ta riga shi wanka. Inna ta ce ai rabi kawai za ta ba mu, kuma duk abin da aka kama da ita za a raba. Ta ce ta yarda, da sharaɗin ita za ta soya, don mutanen Damagaram dafa fara suke kamar wake. Inna ta ce ta ji, 'yan Maraɗi dai in an cire musu yaji ba su san ɗanɗanon komai ba. Suna wannan har aka cika mana ƙwarya, da 'ya'yan bedin da suka taru a gindin buhu, waɗanda Inna ta ce sun fi ganyen aiki.

Na daka su da tonka, wato barkono, da tafarnuwa, atishawa ta kusa kashe ni, muka jiƙa cikin bido, jarkar ruwanmu, ya kwana. Aka tace da tsohon ɗankwali, aka kankare ɗan sabulu a ciki don ruwan ya kama ganye. Ba mu da famfo. Da tsintsiya Inna ke yayyafawa, da la'asar sakaliya in rana ta yi sanyi, tana ɗaga kowane reshe ta jiƙa ƙarƙashinsa. Bayan ta wuce ni kuma in bi da tokar murhu ina barbaɗawa bisa danshin.

Da muka gama yakuwa na ɗauki sauran ruwan na nufi salatina. Ta riƙe mini hannu.

"Wannan ba za a sa masa ba, ɗiyata."

Na ce Inna ai shi suka fi so, ga shi har sun soma.

"Shi ya sa. In kin ɗaɗɗaci ko'ina, yunwa za ta sa su ci mai ɗacin. Sai an bar musu akushinsu. Nan za su taru su kwana, nan za mu same su. Kuma farar da ta ci bedi ba ta ciyuwa, ko 'yar Maraɗi ba ta iya gyara ta."

Maimakon ruwan ɗaci sai ta sa na buɗe wa salatin ruwan inji har ya ƙoshi, don ya ƙara laushi ya kira su. Ina tsaye da bido a hannu ina kallon ruwa na shiga fangalina. Idona ya ciko. Abin kunya ne babbar mace da ɗiya a lekkol, wato makaranta, ta yi hawaye kan salati, na juya kamar tonka ce ta shiga mini. Inna ba ta gani sosai a lokacin, amma ba a ɓoye mata irin wannan. Ta dafa kafaɗata ta ce ta sani, abin da mutum ya fara shukawa daban yake, ita ma ba ta manta nata ba. Ta ce in na ƙi ba za ta tilasta ni ba, fangalina ne. Na ce a'a, a bar musu. Ta sa mini albarka har sai da na ji nauyi.

Sanyin Tamanrasset ba irin na gida ba ne. Rana na faɗuwa bayan duwatsu yake saukowa, da asuba kuwa har cikin ƙashi. Inna ta ce wannan sanyin shi ne ma'aikacinmu. Muka iso garka gari ya soma wayewa, maigidana ya tsaya wajen shinge da hannuwa cikin aljihu, mu muka shiga da buhu. Abin da na gani bisa salatina ban taɓa ganin irinsa ba. Fara ce jere a kan kowane ganye, wasu bisa wasu, ba mai motsi. Wadda jiya da rana ko inuwarka ta gani ta tashi, yau sai ka sa yatsu biyu ka ɗauke ta kamar tsinken ashana. Ƙafafunta kawai take ɗan miƙewa.

Inna ba ido take aiki da shi ba. Hannu take bi da shi ƙarƙashin ganye, ta shafo, ta damƙo, ta zuba buhu, bakinta yana motsi da azkar ɗin safe bai tsaya ba. Ni ina ɗauka ɗaya ɗaya ina ɗan tsoron ƙayar ƙafarsu, ita ta gama layi ta dawo. Can na ga ta ware wata ta jefa cikin gwangwani daban. Ta miƙo mini in duba, mai rawaya ce da ɗigon baƙi, kyakkyawa. Ta ce farar tumfafiya ce, ba a cin ta, dafin itacen na jikinta. Na tambaye ta yaya ta gane ba ta gani ba. Ta ce jikinta sulɓi gare shi, kuma tana da wari, in shinshina. Na shinshina, na yi da na sani. Waɗannan rami aka yi musu.

Kafin rana ta taɓa kan duwatsu ta ce mu tsaya. Da ɗumi ya sauka sai ga sauran sun soma tashi, aiki ya ƙare sai gobe. Ba ta zauna ba duk da haka. Ta karɓi fartanya ta sa maigidana, da rigarsa ta shago, ya kafce ƙasar gindin shinge inda ta tona kwanakin baya. Ga ƙwan farar nan kamar ƙullin shinkafa cikin ƙasa. Ta ce a bar su a fili, rana da kajin mai garka za su gama da su. Ya yi kaftun bai yi gardama ba, sai da ya shiga mota ya ce mini tun yana ɗan lekkol rabonsa da fartanya, kuma tun lokacin ba a taɓa yaba masa ba.

Farar kan yini cikin buhu don cikinta ya fita. Da yamma maƙwabciya ta zo da tukunyarta, a zuba su ruwan zafi da gishiri, a cire fiffike da ƙafafu, a shanya bisa tabarma, washegari a soya da yaji da lemun tsami. Ƙanshin ya riƙa jawo mana sallama. Matan da ba mu saba da su ba suka soma leƙowa, 'yan Tasawa, 'yan Tanut, kowace da labarin farar garinsu. Da suka ji yadda ake yi wasu suka ce za su bi mu. Inna ta ce sai an nemi izinin mai garka.

Shi kuma ashe yana kallonmu. Ɗakinsa na garka yana can gindin ɓaure, nan yake hura gawayin shayi da safe. Ranar da muka je neman izinin ya taso ya leƙa buhun, ya ɗauki ɗaya ya juya ta. Ya ce kakarsa a Tazrouk takan busar da ita ta daka da dabino a ajiye don tafiya, shi rabonsa da ita tun kafin ya naɗa rawani. Ya je ya duba tumatirinsa layi layi, ya daɗe. Da ya dawo ya ce ɓarnar ba ta ƙaru ba, amma ba ta tsaya ba. Matan su zo, su bi har cikin ciyawar awaki. Maganar Juma'a kuma tana nan.

Muka yi ta yi. Salatina ya koma kututture, Inna ta sa aka riƙa yanko ɗanyar ciyawa ana shimfiɗawa a wurin ana jiƙawa, farar ba ta fasa zuwa ba. Yakuwa ta soma sabon toho, kwanson ya yi ƙwari. Har na fara sakin jiki.

Ana jibi Juma'a iska ta juya. Yini ta yi tana busowa daga kwari, mai ɗumi, daren ma bai yi sanyi ba. Da muka iso da safe farar ba ta daskare ba, kuma ta ninka, ga alama ta garaken da ke sama ce iskar ta koro. Muna kai hannu suna tashi. Akushin da aka bar musu bai ishe su ba, suka hau yakuwa da ɗacinta da tokarta. Ina ji da kunnena, wani ƙaramin sauti kamar ana murza takarda. Matan suka tsaya da buhuna a hannu. Maigidana ya dube ni, na san kwalbar bisa bango yake tunani, ni ma wallahi ita nake tunani.

Inna ta bi layin yakuwar tana shafa kowace, tana matsa kwanson da yatsa. Ta zaɓi waɗanda nasu ya fi cika, ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Ta aiki maigidana gida ya kwanto sangenta, gidan sauron da take kwana ciki. Muka kakkaɓe farar, muka kafa sanduna, muka rufe, muka danne gefen da duwatsu. Sangen bai kai ba, guda ta rage a waje, ita ce kuma mai manyan kwanso. Inna ta shafa ta. Sai ta warware mayafinta, farin nan mai shara-shara da ta zo da shi daga Makka, wanda ba ta sawa sai za ta fita, ta yafa wa yakuwar ta ɗaure a gindi. Na cire nawa na biyu na rufa wa Inna.

Sauran kuwa ta ce mu tsinke ganyen duka tun bai ƙare ba, a wanke a shanya, a sha miya. Ta ce ba yakuwa ta zo nema ba, iri ta zo nema.

Mai garka ya iso yana riƙe da butar shayi. Ya dubi sangen, ya dubi mayafin yana kaɗawa cikin iska da tsohuwa tsaye kusa da shi. Inna ta riga shi magana. Ta ce Malam garkarka ce, ka yi mana karamci, in ka fesa ba ka yi laifi ba. Abu ɗaya take roƙo, ya gaya mata ranar, don ta hana mata tsinta, ta kuma tsaya ta riƙe mayafin kada iska ta ɗaga. Ya ajiye butar ya dubi kwari. Sannan ya ce shi ya san iskar nan, ba ta daɗewa, bayanta sanyi ne mai tsanani.

"Hajiya, na ƙara miki wata Juma'ar. In na yi asarar tumatir, ke za ki ciyar da ni fara har bazara."

Ta ce ta ɗauka, amma 'yar Maraɗi ce mai suya, in ya ji yaji ya yi yawa kada ya zo wurinta.

Yadda ya faɗa haka aka yi. Iskar ta kwanta, sanyi ya sauko irin wanda ruwan buta ke cizon hannu. Da safen nan farar ko miƙe ƙafa ba ta yi. Mata suka bazu cikin garkar har gindin ɓaure, shi kansa dattijon ya tattare rigarsa yana tsinta cikin tumatir yana zubawa a buhun Inna. Buhunan da aka fitar ranar sai da maigidana ya yi sawu biyu. Bayan haka abin ya yi ta raguwa, har ya zama sai an nema. Tumatirin layin shinge ya tafi, bai ɓoye mana ba, ya nuna mana da sandarsa. Na ciki ya tsira. Juma'ar ta zo ta wuce bai yi feshi ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Sai kuma tsoro ya koma kan sanyin, don yakuwa ba ta jure shi. Kullum Inna sai ta sa hannu ƙarƙashin sange ta girgiza reshe a kunnenta. Ran nan ta girgiza, ta kira ni in saurara. Ƙwayoyin suna kaɗawa ciki kamar ƙaramin caki. Muka yanke, muka kawo gida, suka ƙarasa bushewa bisa simintin nan da na raina. Da aka murza aka sheƙe, gurguzun ya cika ƙaramin kofin shayi har ya yi tozo. Inna ta zuba shi a tafinta ta kai kusa da idon da aka gyara, ta daɗe tana kallo. Ta ce rabonta da ganin ƙwayarsa ɗaya ɗaya haka tun kafin yanar ta kama ta. Ba ta yi kuka ba. Ta yi wa mahaifiyarta addu'a, muka shafa.

Kashi uku ta yi. Ɗaya ta maida cikin tsohon tsumman. Ɗaya ta ƙulle a takarda maigidana ya kai wa mai garka, tare da ledar fara wadda ita da kanta ta soya a ɓoye, ba yaji sosai. Na ukun ta kamo hannuna ta zuba. Ta ce iri ba a ajiye shi wuri ɗaya, abin da ya kusa kashe shi a Mirriya ke nan. Na ce Inna ni da ban iya komai ba sai salati. Ta ce ai salatin ne ya yi aikin.

Ta koma gida kafin azumi, da mayafinta mai tabon toka da bedi wanda wanki bai fitar ba. Na so in saya mata sabo daga shago, ta ce wannan ɗin ya fi mata. Kwalbar kuwa maigidana ya maida wa mai ita ba a buɗe ba.

Har yanzu muna da kusurwar nan. Dattijon ƙarfi ya ja baya, yawanci yana gindin ɓaure da butarsa, amma duk shekara yana shuka farar yakuwa layi guda kusa da rijiya, ya ce ya aika da kaɗan Tazrouk ma. Ni kuma in zan zuba salati fangali biyu nake yi, ɗaya can ciki ƙarƙashin tsohon sange, ɗaya a bakin shinge. Bara da na kira Inna a waya ta tambayi lafiyar yara a gurguje, sannan ta ce an yi ruwa bisa duwatsu? Na ce an yi. Ta ce to in je wurin 'yar Maraɗi tun yanzu in ji ko akwai mai tsohon ciki a gidan.